Sunansa Fitsari

Assalamu alaikum, Magaji.

Ina gaishe ka gaisuwar uba, ina kuma yi maka barka da wannan buɗi da Allah Ya yi maka. Allah Ya sa ka shiga tafiyar nan da ƙafar dama, Ya tsare ka a hanya, Ya tsare ka a inda za ka sauka, Ya haɗa ka da mutanen kirki.

Tun ranar da innarka ta kira ni ina shago ta ce kamfanin nan na wutar sola ya ɗauke ka aiki a Fatakwal, bakina ya ƙi rufuwa. Kaf layinmu na teloli a Wunti babu wanda ban tare na gaya masa ba, har mai rake da ke wucewa sai da ya ji. Ranar nan hannun riga na ɗinka a baibai saboda murna, na zauna ina farkewa ina dariya ni kaɗai. A gabanka kuwa ka ga abin da na yi. Na ce, “To, madalla,” na ci gaba da jan carbi kamar an ce mini an kawo wuta. Kai ɗan fari ne, kuma haka muka taso muka tarar: ba a sakin fuska da ɗan fari, ba a zaman hira da shi. Shi ya sa na sa takardar nan a aljihun sabuwar rigar da na ɗinka maka, na ce wa innarka ta matsa maka ka gwada ta yau ɗin nan, kada a bari sai ranar tafiya.

Murnata biyu ce, ta biyun kuwa sai ka gyara zama. Yau da safe na zaga bayan gida, na tsuguna, fitsari ya zo da ƙarfinsa har kumfa na tashi, na gama tas na miƙe tun kafin ruwan shayi ya tafasa. Na fito ina hamdala da ƙarfi, innarka ta bi ni da kallo ta ce, “Malam, lafiya?” Na ce lafiyar ke nan.

Na san yanzu ka ɗaga kai ka duba ko wani na ganinka. Ci gaba da karatu. E, fitsari na rubuta. Ban ce bawali ba, ban ce kama ruwa ba, ban ce zagayawa ba. Waɗannan kalmomin na ladabi su suka kusa kai ni ƙasa. Kwanciyar da na yi a asibiti kwanakin baya an ce muku aikin basir aka yi mini. Ba basir ba ne. Ni na ce a faɗi haka, wai don shi basir ana iya ambatonsa a cikin mutane.

Abin a hankali ya faro. Da can in na tsuguna ba na ma sanin lokacin da na gama. Sai ya zama sai na jira, sai na yi nishi, sannan ya zo siriri kamar zaren keke, ya yanke, ya sake dawowa. In na miƙe kuma in ji kamar ban yi komai ba. Na ce tsufa ne, na share. Da ya ishe ni sai na nufi wani mai maganin gargajiya da ke baza kayansa kusa da tasha. Na bari mutane suka ragu, na duƙa, na rage murya na ce, “Malam, ruwana ne ba ƙarfi.”

Mutumin nan ya washe baki ya ce, “Alhaji, ka zo inda ya dace. Amarya aka yi?”

Na ce a’a.

Ya ce, “To uwargida ce ta fara ƙorafi. Kada ka damu, dattawa da yawa nan suke zuwa.”

Nan take na gane inda ya nufa, amma wallahi bakina ya kasa gyara maganar. Kalma ɗaya ce kawai zan faɗa, na kasa. Ya ƙulla mini garin maganin ƙarfin maza, ya ce a sha da nono da zuma. Na karɓa har da godiya. Abin takaicin ma na sha, wai ko a dace. Abin da na samu shi ne gudawa, fitsari kuwa yana nan yadda yake.

To ka ji, Magaji. Duk wanda ka je wurinsa neman magani, kira abin da sunansa. Ka ce fitsarina ba ya fita da ƙarfi, ina daɗewa kafin ya zo, yana yankewa, yana ɗiga bayan na gama. In ka lulluɓe maganar, maganin lulluɓin za a ba ka. Kuma ka kai ta inda ake gwaji a duba, ba inda ake kallon fuskarka a yi maka hasashe ba.

Bayan wannan sai na yi wata dabara da na ɗauka ta masu hankali ce. Na ce tunda fitarsa ce wahala, bari in rage shigarsa. Na daina shan ruwa sai maƙogwaro ya bushe ƙamas. Ka san zafin bazarar garin nan, ka san shagonmu da rufin kwano. Mai zoɓo ta zo in kau da kai, mai shayi ya aiko in ce na ƙoshi. A gida innarka ta dama kunun tsamiyar nan nata da ba na wasa da shi, in kurɓa kaɗan in ture. Baiwar Allah ta shiga damuwa, ta canza gero, ta canza mai niƙa, har ta tambaye ni ko wani laifi ta yi. Ni kuwa fitsarin ya koma ja kamar shayin da aka manta a wuta, ga zafi, ga wari, bayan gida ma ya yi tauri. Daga baya likita ya ce mini taurin bayan gidan nan shi kansa yana danne hanyar fitsari. Ashe da hannuna nake ƙara toshe ta.

Kada ka hana jikinka ruwa don gudun buta. Kai da aikinka a saman rufi yake cikin rana, ka sha ruwa sosai. In fitsari ya matse ka, ka sauko ka yi, ko da shugaban kamfanin ne tsaye a wurin.

Wanda ya fi yi mini ciwo shi ne na salla. In na gama fitsari na yi tsarki, na yi alwala, ina miƙewa sai in ji ɗigo. In koma in sake. In sake jin wani. Na ce wannan waswasi ne, Shaiɗan ne ya sa ni gaba, na duƙufa da addu’o’i. Kafin in gama fama da buta an yi raka’a, wani lokaci an sallame. Ni da na shekara da shekaru a sahun gaba, dama da liman, na koma sahun baya kusa da takalma. Daga nan na koma yin sallata a shago, don kada in tsaya cikin mutane ina shakkar wandona.

Ka san mutanenmu da fassara. Wasu suka ce na yi faɗa da liman. Wasu suka ce na canza aƙida. Rannan sai ga liman da kansa a ƙofar shago, dattijo da sandarsa. Ya zauna a kan benci ya ce, “Malam Sabo, in laifi muka yi a gaya mana mu ba da haƙuri. Wurinka a sahu ya yi mana faɗi.”

Na sunkuyar da kai na ce, “Allah gafarta Malam, ƙafa ce ke damuna.”

Ya kalli ƙafar da ke taka keken ɗinki tun safe, ya yi mini addu’a ya tafi. Bayan na fito asibiti na je na gaya masa gaskiya. Ya riƙe haɓa ya ce, “Haba Malam Sabo. Ai mai ɗigon fitsari addini ya yi masa sauƙi tun tuni. Da ka tambaya da na gaya maka yadda za ka yi, ka tsaya a sahunka. Kuma kana tsammanin kai kaɗai ne a dattawan nan?” Kunya ta kama ni, dariya ma ta kama ni.

Don haka ka raba abu biyun nan. Abin da ya shafi tsarki ka tambayi malami, zai ba ka amsa ba tare da ya ɗaga gira ba. Abin da ya shafi jiki ka kai wa likita. Kada ka ɗora wa Shaiɗan abin da tsoka ce ta kumbura, kuma kada ciwo ya raba ka da jam’i a garin da jam’in ne zai zama danginka.

Akwai mutum ɗaya da ya gaya mini gaskiya tun da wuri, na kuwa ji haushinsa. Ka san Baba Yohana na unguwar Ɗan Iya, tsohon malamin makarantar nan mutumin wajen Bogoro, wanda nake yi wa ɗinkin Kirsimeti duk shekara. Rannan da bazara ya zo awon wata riga, ina cikin gwada shi na ajiye tef na ɗauki buta, na dawo, ba a jima ba na sake ɗauka. Da na dawo sai ya ce, a gaban yaran shago, da Hausarsa ɗin nan, “Malam Sabo, fitsari ne yana damunka, ko? Ni ma ya yi mini. Matana ne ya kai ni asibiti da faɗa. Ka je, abin yana da magani.”

Na ɗaure fuska na ce lafiyata ƙalau. Da ya tafi har na ce wa maƙwabcina mutumin nan ba shi da ta-ido. Ka ji fa. Mutum ya miƙo mini hanya, ni ina auna ladabinsa.

Ba a daɗe ba damina ta shigo, mura ta kama ni. Na aika kemis aka sayo mini maganin mura, irin mai busar da hanci ya sa barci. Na sha da safe, na ƙara da rana. Kafin la’asar fitsari ya tsaya cak. Ina jin sa, marata ta cika ta yi tauri kamar ƙwarya, na tsuguna, na tashi, na sake tsugunawa, ko ɗigo. Gumi ya jiƙa ni sharkaf. Magaji, na yi ciwon haƙori, allurar keken ɗinki ta taɓa huda mini yatsa har ƙashi, ban taɓa jin azaba irin ta ranar nan ba. Duk garin nan da ’yan’uwana da abokaina, ka san wa na kira? Baba Yohana, don shi kaɗai ne ba sai na yi masa bayani ba. Ya zo da Keke Napep, ya riƙe ni a baya, duk ramin da muka faɗa sai na yi salati shi kuma ya ce, “Sannu, mun kusa.” Bai ce ai na gaya maka ba, ko sau ɗaya.

A asibiti wani ma’aikacin jinya ya sa mini roba ta hanyar fitsarin. Abin da na yi shekaru ina ɓoyewa, ga shi a gaban yaro sa’anka, kuma ko a jikinsa. Da fitsarin nan ya fara zuba a leda, wani sanyi ya ratsa ni tun daga ƙeya har tafin ƙafa. Na yi wa yaron nan addu’a, na yi wa iyayensa, na haɗa har da kakanninsa.

Washegari aka yi mini hoton ciki da gwajin jini, likita ya zaunar da ni. Ya ce akwai wata ’yar tsoka a wuyan mafitsara, maza kaɗai ke da ita, su suna ce mata furostet. Hanyar fitsari ta tsakiyarta ta bi. In namiji ya manyanta takan ƙara girma ta matse hanyar, kamar a taka tiyo ana ban ruwa. Tawa ke nan. Maganin murar da na sha kuwa, ya ce irinsa yakan ƙara ɗaure wurin, shi ya ƙarasa rufe ƙofar. Sannan ya nuna mini hoton ya ce fitsarin da ba ya fita duka yana taruwa, yana komawa baya, har ƙodata ta fara kumbura. Ya ce, “Baba, da ka ƙara jinkiri, da yanzu maganar ƙoda muke yi, ba ta fitsari ba.” Aka ɗora ni a kan magani, daga baya aka yi aiki ta hanyar fitsarin, ko tsaga ciki ba a yi ba, aka kuma gwada abin da aka cire aka ce ba mugun ƙari ba ne. Ga ni yau ina shan kunu kofi bayan kofi, na koma wurina a sahu.

Tunda bakina ya buɗe, sai na zama mai tambaya. Duk zuwan da zan yi sai na tsare likitan nan. Na ce, “Likita, wannan ciwon na tsofaffi ne kawai?” Ya ce ina. Ya ce saurayi ma fitsarinsa na iya raunana, sai dai dalilin yakan bambanta. Wani ciwon sanyi ne ya kama hanyar, ba a yi maganinsa da kyau ba, ya warke ya bar tabo, tabon ya tsuke ta. Wani tsargiya ce tun ta wankan rafi da ƙuruciya. Wani tsakuwa ce ta tokare. Wani ciwon suga ne ko ciwon baya ya taɓa jijiyoyin da ke matsa mafitsara. Mata ma ba su tsira ba, musamman bayan haihuwa da yawa. Sai ya ce wani kuma buguwa ce: mutum ya faɗo ya daki tsakanin ƙafafunsa a kan ƙarfe ko katako, ya ga ɗan jini, ya warke ya manta, can bayan watanni hanyar ta fara tsukewa.

Da ya faɗi wannan na ƙarshen, kai ka faɗo mini a rai. Yanzu na zo kan abin da ya sa na ɗauki biro.

Ina sane da faɗowar da ka yi bara a Tirwun, a sabbin gidajen nan da kuka ja wa wayoyin wuta, lokacin da tsani ya zame ka sauka a kan ƙarfen shinge. Ka dawo kana tafiya a tattale ka ce targaɗe ne. Innarka ta ga jini a wandon da ka jiƙa a bokiti, ta gaya mini, na ce a bar ka, namiji ne. Wannan ma kuskurena ne.

Ba na yi maka magana, amma ina da ido. Ina zaune a tabarmata a tsakar gida ina ganin komai. Na ga kana bari sai kowa ya gama sannan ka shiga bayan gida. Na ga kana daɗewa. Na ga kana fitowa ka sake cika buta ka koma. Na ga ka daina shan shayin safe in za ka fita aiki, kai da kake shanye na ƙannenka. Na ga ka koma sahun baya kusa da takalma. Magaji, duk dabarun nan ni na riga ka yin su, babu wadda za ka ɓoye mini.

Ka saurare ni da kyau a nan. Ba na zarginka da komai. Na san abin da ke hana saurayi buɗe baki: yana tsoron da ya ce fitsari za a ce ciwon sanyi, da an ce ciwon sanyi kuma a fara yi masa kallon mai yawon banza. Ni ban tambaye ka ba, ba kuma zan tambaya ba. Ko faɗuwar ce, ko wani abu ne daban, ni ba likita ba ne, ban sani ba, kai ma ba ka sani ba sai an duba. Na gaya wa likitan labarinka, na ce ɗan wani abokina ne. Ya yi murmushi ya ce, “Baba, ka ce wa ɗan abokin naka ya zo. Irin wannan ana gyara shi, kuma ya fi sauƙi tun hanyar ba ta rufe ba.”

Ka ji abin da ya sa nake ta rawar jiki. Ana gyara shi. Ga aiki ka samu, ga ƙuruciya, ga magani a cikin garinmu, tafiyar Keke Napep kawai. In likita ya ce ƙwayoyi ne, ka tafi da su a jaka. In ya ce sai an yi aiki, ka sani tun kana gida, ya ba ka takarda zuwa ga likitan can, ko ka nemi kamfani su ɗaga maka ƙafa. Wanda ya ɗauke ka don ƙwarewarka zai jira ka warke. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne ka hau motar Fatakwal, yini guda da ɗoriya kana matse mara, kana ƙin shan ruwa, direba ya tsaya kowa ya gama ya dawo kai kana tsugune ana yi maka hon.

Motarka ta Alhamis ce. Ranar Litinin ake ganin masu irin wannan a asibitin, ni ma ranar zan koma a duba ni. Na riga na yi magana da mai Keke Napep, zai zo ƙofar gida bayan an karya kumallo. Zan fito in zauna a baya, gefena akwai wuri. In ka shigo ba zan dube ka ba, ba zan ce maka uffan ba, titi zan kalla har mu isa. In an kira ka, kai kaɗai za ka shiga wurin likita, ni ina benci a waje.

In kuwa ba ka fito ba, to ina nan zaune a cikin keken. Mai shi ya yi ta mita, rana ta take, mutanen unguwa su fara tsayawa suna tambaya, “Malam Sabo, wa ake jira?” Ka kuma san yanzu bakina ba shi da murfi, zan gaya musu.

Wasa nake yi, amma ba duka ba. Zan iya jure ka yi nisa, zan iya jure shekara ban gan ka ba. Abin da ba zan iya jurewa ba shi ne a ɗauke ka ranga-ranga kana gumi, a garin da babu wanda ya san ɗan wane ne kai, babu kuma wanda za ka kira ba tare da ka yi masa bayani ba.

Allah Ya ba ka lafiya mai ɗorewa, Ya kai ka lafiya, Ya dawo mana da kai lafiya. Ya tsare gabanka da bayanka, Ya sa albarka a hannunka da abin da zai samo. Allah Ya yi maka albarka, Magaji. Sai Litinin, a ƙofar gida.

Mahaifinka,
Sabo Tela, Wunti